Kada tsadar rayuwa ta cinye mana ciyayya

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, kowane gida a Jos ya koyi lissafin ragi. An fara da nama, aka gangaro kan kifi da ƙwai, aka taƙaita zirga-zirga, mai mota ya jingine ta ya koma hawa keke. Litar man da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake dubu. Wannan ragi na dole ne, ba mai ganin laifin wanda ya yi shi. Sai dai akwai wani ragin da muka yi shiru-shiru, ba tare da an zauna an yi shawara ba. Kwanon tuwon da ake aika wa maƙwabta bayan magariba ya fara ɗaukewa. Mai mota ya daina tsayawa ya rage wa na bakin titi hanya. Har kalmar godiya, wadda ba a sayen ta, ta yi ƙaranci a cikin gidaje. Ra'ayina shi ne wannan ragin ya fi ragin nama yi mana illa, kuma wanda ya janye hannun ya fi wanda ya daina karɓa cutuwa.

Sai an fara sanin abin da damuwa ke yi wa jiki kafin maganar ta zauna. Idan mutum ya hango haɗari, jikinsa yakan saki wasu sinadarai, adiranalin da kotisol, zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, sukari ya ƙaru a jini, domin ya samu ƙarfin gudu ko kare kansa. An tsara wannan ne don haɗarin da ke zuwa ya wuce. To kuɗin haya ba ya wucewa. Kuɗin makaranta yana dawowa sau uku a shekara, cefane kuwa kullum ne. Sai jiki ya zauna cikin shirin gudu wata da watanni, barci ya ƙaurace, ciki ya rikice, fushi ya zama a kusa, hawan jini ya samu wurin zama. Mu a Jos muna da ƙari a kan na kowa. Wanda ya ga rikicin 7 ga Satumba, 2001, ya ga na Nuwamban 2008 da na Janairun 2010, yana ɗauke da wata fargaba da ba ta barci. Jita-jita ɗaya a WhatsApp ta isa ta sa a fara rufe shaguna a Taminus, iyaye su bazama makarantu ɗauko yara. Likitocin ƙwaƙwalwa kuma 'yan ɗaruruwa ne a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Ke nan yawancinmu da abin da ke hannunmu za mu yi jinyar kanmu kafin a kai ga asibiti.

Abu biyu damuwa take yi wa tunani, a fahimtata. Takan tsuke shi, har mutum ya daina ganin komai sai abin da ya rasa. Ya kwanta da lissafin bashi ya tashi da shi, yana ta zagaye wuri guda. Sannan takan raɗa masa cewa ba shi da kataɓus, komai a kansa ake yi, shi ba ya iya yin komai. Godiya tana buɗe wancan tsukewar, domin tana tilasta wa ido ya ƙirga abin da ke nan. Kyauta kuma tana ƙaryata raɗar, domin wanda ya miƙa wa wani abu, komai ƙanƙantarsa, ya shaida wa kansa cewa har yanzu hannunsa yana iya sauya ranar wani.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan. A 2003, Robert Emmons da Michael McCullough a Amurka suka raba ɗalibai rukuni-rukuni. Wasu aka ce su riƙa rubuta abubuwa biyar da suke godiya a kansu kowane mako, wasu kuma abubuwa biyar da suka ɓata musu rai. Bayan makonni goma, masu ƙirga ni'ima suka fi jin daɗin rayuwarsu, suka fi kyautata zato ga abin da ke tafe, ƙorafin ciwon jiki ma ya fi sauƙi a wajensu. A 2008, Elizabeth Dunn da abokan aikinta a Kanada suka bai wa mutane dala 5 ko dala 20 da safe, aka ce wasu su kashe wa kansu, wasu su kashe wa wani. Da yamma, waɗanda suka kashe wa wani suka fi farin ciki, kuma yawan kuɗin bai kawo wani bambanci ba. Wannan gaɓa ta ƙarshe ita ta fi jan hankalina: mai dala 5 ya samu abin da mai dala 20 ya samu. Daga baya aka duba bayanan ƙasashe 136, aka ga alaƙar bayarwa da jin daɗi tana nan a ƙasashen masu kuɗi da na matalauta. Wani binciken da Emily Ansell da abokan aikinta suka yi ya bi mutum 77 na tsawon kwana 14, ya gano cewa a ranakun da mutum ya taimaki wani da ɗan abu, kamar nuna hanya ko tambayar ko ana buƙatar taimako, matsalolin ranar ba su cika dagula masa rai ba.

Gaskiya ta wajabta a faɗi iyakar abin. Da masana suka tattara irin waɗannan gwaje-gwaje wuri guda, sun ga tasirin ƙirga ni'ima a kan ciwon damuwa mai tsanani ƙarami ne. Wanda ya shafe makonni ba barci, ba cin abinci, ya janye daga mutane, ko ya fara cewa gara ya mutu, likita yake buƙata, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana da sashen wannan aiki. Babu abin da ke ƙona min rai kamar a dubi irin wannan mutum a ce masa, "Kai dai ba ka da godiyar Allah." An ɗora masa laifi a kan ciwo ke nan. Mace mai jego da ke kuka ba dalili, ko matashin da ya gama bautar ƙasa ya kulle kansa a ɗaki, ba wa'azin butulci suke nema ba. Maganata a kan damuwar yau da kullum ce, wadda kusan kowa ke ɗauke da ita, wadda idan aka bar ta take girma ta zama waccan.

Abin da Turawa suka auna da takarda, kakanninmu sun gina shi a cikin tsarin rana. A hadisin da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya ce wa Abu Zarri idan ya dafa romo ya yawaita ruwansa, ya tuna da maƙwabtansa. A lura, ba a ce ya ƙara nama ba. Ruwa aka ce, abin da talaka ke da shi. Wannan ita ce ciyayyar da muka tashi muka tarar a Gangare da Dilimi da Unguwar Rogo: yaro ya fita da kwano ɗaya ya dawo da wani, gidan da aka yi dambu su ɗanɗana tuwon gidan da ke kusa. Amfaninta ya wuce cika ciki. Ranar da kwano bai fito daga wani gida ba, matan unguwa sun san akwai matsala, kuma za a kai musu ba tare da sun buɗe baki sun roƙa ba. Mutuncinsu a rufe, yaransu a ƙoshe. Matar da ta zuba abincin kuma tana kwana da sanin cewa ranar da tata tukunyar ta kasa hawa wuta, ba za a bar ta ba. Wannan sanin shi ne maganin fargaba, kuma ba a sayar da shi a kantin magani.

Yanzu da muka daina, kowane gida yana haɗiye wahalarsa shi kaɗai a bayan ƙofa, yana zaton maƙwabcinsa ya fi shi. Wayar hannu ta ƙara dagula lamarin. Mutum yana zaune ba ko sisi, yana kallon bikin wasu a TikTok da sabuwar motar wasu a Facebook, alhali koyarwar da muka sani ita ce ka dubi na ƙasa da kai, kada ka raina ni'imar da aka yi maka.

A wajen godiya kuwa, inda nake ganin mun fi gazawa shi ne tsakaninmu da mutane. Godiya ga Allah tana bakin kowa, Musulmi da Kirista. Ka tambayi mutum aiki ya ce da godiya, ka tambaye shi gida ya ce an gode Allah. Madalla da haka. Amma hadisin Tirmizi ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, kuma a nan ne aikin yake. Magidanci nawa ne ya taɓa duban matarsa ya ce, "Maman Abba, na san kuɗin cefanen nan bai isa ba, na ga yadda kike dabara, Allah ya saka miki da alheri"? Ita ce ta mayar da naira dubu biyu abincin mutum bakwai. Ita ce ta ciro daga kuɗin adashinta ta cika, ba ta faɗa ba. Shi kuma ya shigo fuska a murtuke, ya ci, ya ce gishiri ya yi yawa. Haka ita ma, sau nawa take ce masa, "Sannu da ƙoƙari, Malam," alhali ta san tun asuba yake tsaye a bakin kasuwa? Gidaje da yawa da ke rushewa a wannan tsakanin, ba rashin kuɗi kaɗai ya rushe su ba. Mutum biyu ne kowa ke ɗaukar kaya iya ƙarfinsa, kowa kuma yana jin ba a gani. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. Idan aka yaba wa mutum, gajiyarsa takan samu ma'ana. Shi mai yabon kuma, kafin ya furta dole ya tsaya ya lura da abin da aka yi masa, kuma wannan lurar ita ce take fitar da shi daga zagayen lissafin rashi.

Haka yaron shago da ya riƙe amana, da ɗan garuwan da ya hau da jarkoki har bene, da malamar firamaren da albashinta ke ƙarewa a kuɗin mota amma ba ta fasa zuwa aji ba. "Na gode" da aka ambaci dalilinta ta fi goma da aka jefa a kan hanya.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba na raina shi. Za su ce maganar godiya ita ce waƙar da masu mulki suka fi so: a ce wa talaka ya yi haƙuri, ya gode, ya yi shiru. Suna da hujja. An daɗe ana amfani da haƙurin mutanen Arewa ana cin amanarsu. A Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, a lokacin da wannan kuɗi ba ya sayen buhun shinkafa, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen shekarar. Duk wanda ya ce wa mai wannan albashi godiya za ta biya masa haya, ya zalunce shi. Babbar kasuwar Jos ta ƙone tun Fabrairun 2002, 'yan kasuwa suka watsu a bakin titi, shekara sama da ashirin ana alkawarin sake gina ta. Wannan ba abin godiya ba ne, abin tambaya ne, kuma wajibi ne a ci gaba da tambaya da babbar murya.

Amma godiyar da nake nufi ba ta gwamna ba ce, ba kuma ta ɗan majalisar da ya gina rijiyar burtsatse da kuɗin jama'a ya rubuta sunansa a jiki ba. Wannan haƙƙi ne ya bayar, ba alfarma ba. Godiyar Allah ce a kan lafiya da numfashi da 'ya'ya, da godiyar mutanen da ke tallafe da kai. Ita kuwa ba ta hana neman haƙƙi. Ƙarfin nemansa take bayarwa. Mutumin da damuwa ta cinye ba ya zuwa taron unguwa, ba ya bin layin karɓar katin zaɓe, kuma shi ne mai sauƙin saye da taliya ranar zaɓe, shi ne mai sauƙin tunzurawa a kan maƙwabcinsa. Wanda zuciyarsa ke da wurin tsayawa shi yake iya jure doguwar gwagwarmaya. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, Musulmi da Kirista sun fito tare a Jos, abin da ba kowa ya zata ba. Mutanen da suka san darajar juna ne ke iya haka.

Akwai kuma wata kyautar da ba ta rage damuwar kowa. Ita ce ta kyamara: a tara zawarawa da marayu a rana, a jera buhuna, a ɗauki hoton hannun da ke karɓa. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma hoton fuskar mabuƙaci da aka watsa wa duniya gori ne, ko da ba a furta ba. A Disambar 2024 mun ga ƙarshen abin da yunwa da turmutsitsi ke haifarwa, lokacin da aka rasa rayuka wajen rabon abinci a Ibadan da Okija da Maitama ta Abuja. Ba na zargin niyyar masu rabon, yawancinsu alheri suka nufa. Amma abin ya nuna cewa taron shekara-shekara ba ya maye gurbin hannun maƙwabci na kullum. Wanda ya san ka ya san ranar da kake buƙata, kuma ba sai ka bi layi ba.

A Jos, ƙaramin alheri yana da wani aikin da ba shi da shi a Kano ko Sakkwato. Rikice-rikice sun raba mana unguwanni, har akwai matasan da suka girma ba su taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Inda muka rage muna haɗuwa shi ne kasuwa da mota da wurin aiki. Je ka kasuwar Farar Gada da sassafe ka ga masu kabeji da karas da tumatir, ka ga dankalin Turawan da ake kawowa daga Bokkos da Mangu. Nan za ka ji mai saye tana cewa, "Mama, ba gyara?" mai sayarwa ta ce, "'Yata, kaya sun yi tsada, amma kawo ledarki," ta jefa mata tumatir biyu. Sau da yawa ɗaya daga coci za ta fito ranar Lahadi, ɗaya kuma mijinta na sahun gaba a masallacin Juma'a. Tumatir biyun nan suna rage wani abu daga tsoron da kowace ta gada. Naman layya da ke tsallaka titi zuwa gidan Kirista, da shinkafar Kirsimeti da ke dawowa, su ma haka. Duk wanda yake da mutum ɗaya a ɗaya ɓangaren da zai iya kira ya ce, "Yaya wajenku, lafiya?" idan jita-jita ta tashi, ya fi wanda ba shi da kowa samun barci.

A Yunin 2018, lokacin da mahara suka afka wa yankinsu, Liman Abdullahi Abubakar na ƙauyen Nghar Yelwa a Barikin Ladi ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya hana su shiga. Duniya ta yaba masa, Amurka ta karrama shi a 2019. Abin da nake so a lura da shi shi ne, mutanen da ke gudun ceton rai sun san ƙofar da za su nufa. Irin wannan sani ba a rana ɗaya ake samun sa ba. Zaman tare ne ke haifar da shi, gaisuwa da ciniki da zuwa jana'izar juna.

Saura mai cewa, "Ni kaina nema nake, me zan bayar?" da kuma ɗan'uwansa mai albashi, wanda wayarsa ba ta hutawa daga ranar 25 ga wata: kawu na asibiti, ƙanwa za ta yi aure, ɗan yaya an koro shi daga makaranta. Wannan na biyun yakan ce min bayarwa ce ma tushen damuwarsa, kuma gaskiya ya faɗa. Masu binciken nan sun lura cewa daɗin kyauta yana zuwa ne idan mutum ya bayar da zaɓinsa, kuma ya ga inda ta yi amfani. Abin da aka ƙwata da kunya ko da tsoron zagin dangi nauyi yake ƙarawa. Don haka ina ganin ya halatta, har ma ya kamata, mutum ya yanke wa kansa gwargwado. Ya ware abin da zai iya, ya bayar da sakin fuska, sauran kuma ya ce, "Kawu, wallahi wannan watan ba hali, amma zan zo in kai ka asibitin da kaina." Cin bashi don a ce kai mai kyauta ne ba alheri ba ne ga kowa, har da iyalinka. Dangi su ma su ji tsoron Allah, su riƙa gode wa ɗan da ke ɗauke da su, maimakon ƙirga abin da bai yi ba.

Shi kuma marar kuɗi, abin bayarwarsa yana da yawa. Zumunta a ƙafa take. Duba marar lafiya, riƙe wa maƙwabciya yara ta je awo, koya wa ɗan unguwa lissafi kafin jarrabawa, cike wa dattijo fom a waya, matsa wa tsohuwa ta zauna a mota, sanar da wani inda ake ɗaukar aiki. Sakin fuska ga ɗan'uwa ma an kira shi sadaka. Matasanmu marasa aiki, waɗanda damuwa ke turawa ga ƙwaya da cacar ƙwallo, su suka fi kowa buƙatar a ba su wani abin da za su yi wa jama'a, domin babban ciwonsu shi ne jin cewa ba wanda ke buƙatar su. Mai unguwar da ya tara su gyaran kwalbati kafin damina, ya kuma tsaya a gaban jama'a ya kira sunan kowa ya gode masa, ya yi aikin da asibiti ba zai iya ba.

Ina roƙon limamai da fastoci su sauko da wa'azin sadaka daga kan masu kuɗi zuwa kan kowa, su riƙa ambaton romon Abu Zarri kamar yadda suke ambaton zakka da zakar coci. Ga kuma aikin da ke jiranmu kowace shekara. Jos tana kan tudun da ya kai mita 1,200, sanyin Disamba da Janairu ba wasa ba ne, kuma akwai almajirai da ke kwana a zaure da riga ɗaya, akwai iyalan da rikicin Mangu da Bokkos na 2023 ya raba da gidajensu. Kusan kowane gida yana da rigar sanyin da yara suka fi ƙarfinta, tana ninke a ƙasan akwati. Kowane layi ya samu mutum biyu, mace da namiji, su bi gida-gida su tattara tun watan Nuwamba, a wanke, a kai wa malamin tsangaya ko shugaban sansanin 'yan gudun hijira hannu da hannu, ba tare da an ɗauki hoton kowa ba.